Zauren Iyali: Ruwan Zafi Lokacin Hunturu

Idan hunturu ya sauko Lome a Disamba da Janairu, gidaje da dama a Adakpame kan ɗumama ruwan wanka da na alwalar asuba da gas. Sai dai wutar gas tana bukatar iska. In aka kunna ta cikin makewayi ko ɗaki a rufe, takan fitar da guba marar wari marar launi, wadda ke farawa da ciwon kai da jiri, ta kai ga suma, har mutuwa.

Saboda haka duk mai son kafa injin ɗumama ruwa ya nemi ƙwararre, a sa bututun fitar da hayaƙi waje, a riƙa dubawa kowace shekara. Harshen wuta shuɗi shi ne lafiya. In ya koma rawaya, a kashe. A gwada tiyo da kumfar sabulu, ban da ashana. In an ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita waje a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118.

Ran iyali amana ne a wuyanmu. Allah Ya tsare mu, amin.