Ɗan'uwa, Kafin Ka Tsallaka Segbana Ka Bar Mata Izini

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Maganar wannan makon da ku nake, 'yan'uwa matasa, musamman waɗanda Allah Ya azurta da aure bara ko bana, ga kuma iyalin nasu da tsohon ciki. Na san da yawanmu in aka ɗauko irin wannan zance sai mu sunkuyar da kai, mu ce ai sha'anin mata ne. To amma a ƙasar Bagudo, daga Kaoje zuwa Tsamiya, daga Illo zuwa Lolo, wa ke riƙe da babur, da kuɗi, da izinin fita? Namiji ne. In kuwa haka ne, sha'anin nasa ne, ko ya so ko ya ƙi.

Bari mu fara da abin da ke gudana a cikin nan da kake kallo kullum ba ka san halin da yake ciki ba. A mako na 28, wato wajen wata na bakwai, nauyin yaron bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba. Kafin mako na 40 sai ya kai kilo 3 ko fiye. Ashe ke nan kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da za a haife shi da shi a waɗannan watanni ukun yake tara su, kuma duk daga jikin uwarsa yake ja. A lokacin ne yake buɗe ido, yana jin muryoyin mutanen gida, har shaƙuwa yana yi. Ƙwaƙwalwarsa na girma da sauri, ƙasusuwansa na ƙara ƙwari, yana kuma ajiye sinadarin ƙarfe na jini wanda zai riƙe shi watannin farko bayan haihuwa. Huhu na daga cikin abin da ke nuna a ƙarshe: sai a makonnin nan yake samar da isasshen wani ruwa mai santsi da ke hana shi mannewa in an ja numfashi. Shi ya sa bakwaini ke wahalar numfashi, kuma likitoci na lissafa duk wanda ya zo kafin mako na 37 a matsayin wanda bai isa haihuwa ba. Wajen mako na 36 yawancinsu kan juya, kai ya yi ƙasa. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan.

Ita kuwa uwar, jinin jikinta ya ƙaru da kusan rabi, zuciyarta na aikin mutum biyu. Mahaifa ta taso har ƙarƙashin haƙarƙari, shi ne hakin da kake gani da ƙwannafin da take kuka da shi. Ta danne mafitsara, shi ne yawan fita cikin dare. Ga ciwon baya, ga barci sai ta gefe. A haka ake son ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, kai kuma ka dawo kana haɗe rai wai tuwo ya makara. Haba ɗan'uwa!

Waɗannan duk nauyin ciki ne, haihuwa ke sauke su. Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su, kuma ina roƙonka ka haddace su kamar yadda ka haddace farashin buhun shinkafa: ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zubar jini ko da kaɗan ne, fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo ba, zazzaɓi mai zafi, ko ta ce motsin yaron ya ragu. Ukun farko su ke nuna hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga. A nan muke yin babban kuskure. Mace ta faɗi tana jijjiga, sai a ce iska ce, a turnuƙe ɗaki da hayaƙi, a zauna jiran ta farfaɗo. Ba na hana kowa addu'a, wal'iyazu billahi, amma a yi ta a kan hanya. Akwai allurar da ma'aikatan lafiya ke yi ta tsayar da wannan jijjiga, kuma awon jini na 'yan mintoci kan tona cutar tun ba ta kai nan ba.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta je awo sau 8, biyar daga ciki a watannin nan na ƙarshe: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. A wajen awon ne ake ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda mu da ke bakin kogin Kwara muka fi kowa buƙata. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mata wajen 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na na duniya baki ɗaya. Inna lillahi.

Yanzu ga inda na dosa. Neman abincinmu a bakin iyaka yake. Wani ya tafi Segbana ta Tsamiya, wani ya bi ta Lolo ya nufi Malanbil, wani har Kandi, a yi kwana biyu, uku, wani lokaci mako. Waya kuma in ka tsallaka ba kullum take shiga ba. Matar da ka bari kuwa an yi mata tarbiyyar ba ta fita sai da izininka, kuma mu muka koya mata haka. Sai naƙuda ta zo tsakar dare da jini, uwar miji ta ce a jira maigida, ƙanen miji ya ce shi ba shi da hurumi, ungozoma ta yi iya yinta. Na ga irin wannan da idona a gidan wani ɗan'uwa. Sai da gari ya waye aka same shi a waya, ya ce a tafi da ita, amma lokacin jini ya riga ya ƙare. Har yau in aka taɓo zancen sai ya tashi ya bar wurin.

Shari'a ba ta ɗora wa mace ta zauna ta halaka tana jiran izini ba, wannan malamai sun sha faɗa. To amma yarinya 'yar shekara 18 mai cikin fari, ga kunya ga tsoro, ba za ta tsaya kafa hujja a gaban surukai ba. Kai ne za ka sauƙaƙa mata. Tun ciki na wata bakwai ka faɗa da bakinka, a gaban mahaifiyarka da wani namiji na gidan, cewa duk sa'ar da ta ga ɗaya daga alamomin nan, ko naƙuda ta tashi, a kai ta asibiti, ka yarda, ba sai an neme ka ba.

Sai kuɗi, ka damƙa su a hannunta ita, kada ka bar su a aljihunka kana Kandi. Ka yi magana da mai mota tun yanzu, ka ba ta lambarsa. In kuna ƙetaren kogi ko ƙauyen fadama, ka tuna ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta datse hanyoyi a wannan yanki. Wanda haihuwar iyalinsa za ta faɗo a Agusta ko Satumba, ya nemi mai jirgi tun da wuri, ko ya matso da ita gidan dangi kusa da asibiti a Bagudo, Kaoje ko Illo. Haka batun goyon ciki: al'ada ce mai kyau, amma in gidan iyayenta ya fi naka nisa da ma'aikacin lafiya, a zauna da surukai a yi shawara cikin ladabi.

Na ƙarshe, jini. Ka sa a duba rukunin jininta a wajen awo, ka nemi 'yan'uwa biyu da za su iya bayarwa. Mu da ke haɗuwa kowace Juma'a, wannan ba zai gagare mu ba. A kowace unguwa a samu ɗan'uwa guda ya riƙe takarda, ya rubuta sunan kowa da rukunin jininsa da lambar wayarsa, a fara daga fitowa masallaci yau.

Wassalam.