Garin Gwangwani Ba Abincin Yara Ba Ne

Ƴan'uwa makiyaya, akwai wani gari na gwangwani da ake damawa a sha, wai mai gina jiki, ana kiran sa furotin. Domin manya masu ɗaga ƙarfe aka yi shi, amma ga shi wasu iyaye na ba ƙananan yara. Mu dai ba mu yarda ba.

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3, kimanin giram 13 na furotin jikinsa ke bukata a yini. Kofi ɗaya na madarar shanu yana da wajen giram 8. To, awo ɗaya na wancan gari yakan kai giram 20, ga zaƙi da akan ƙara masa. Sai cikin yaro ya cika, ya ƙi tuwo da wake da ƙwai, ƙodarsa kuma ta sha aikin banza. Abin dariya, yawancinsa daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku ake yin sa.

Yaron da tamowa ta kama, a kai shi likita. Can ake ba da Plumpy'Nut bisa awo, kamar yadda aka yi a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Jariri kuwa, nonon uwa zalla har wata 6. Wanda ya shekara, a tafasa masa madara, a ba shi kindirmo.