Ɗigo ɗaya ya ɓata, tauraro ya sauya suna

Ran nan da daddare aka ɗauke mana wuta a Kumasi, muka fito tsakar gida shan iska. 'Yata ta nuna mini wani jan tauraro a sashen gabas, ta ce a makaranta an gaya musu sunansa Betelgeuse, wai sunan Turawa ne. Na ce mata a'a, Larabci ne, irin wanda take zuwa koyo a Islamiyya ranar Asabar. Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya nake yi.

Larabawan dā suna kiran wannan rukunin taurari da al-Jauza, suna kwatanta shi da mace. Jan tauraron nan shi ne Yad al-Jauza, wato hannun Jauza. Farin da ke ɗaya gefen shi ne Rijl, ƙafa, wanda yau ake rubutawa Rigel. A shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafinsa kan siffofin taurari, kuma ta irin waɗannan littattafai da na'urar auna taurari ta usɗurlabi sunayen suka shiga Turai.

To ina "yad" ya koma "bet"? Duk wanda ya taɓa riƙe allo zai gane. Harafin "ya" a farkon kalma ɗigo biyu gare shi a ƙasa, "ba" ɗigo ɗaya. A ƙarni na 13 wani mai juyawa zuwa Latin ya ga ɗigo ɗaya a inda biyu suke, sai ya rubuta Bedalgeuze. Da a gaban malaminmu na allo ya yi wannan, da ya sha dorina. Daga baya wasu masana Turai suka rasa ma'anar "bad", suka ce ai "ibɗ" ake nufi, hammata. Har yau akwai littattafan da ke cewa sunan na nufin hammatar ƙato. A 2016 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tabbatar da Betelgeuse a hukumance, da kuskurensa da komai.

Ni ban ga laifin mutumin nan sosai ba. Kuskure ya yi, amma a bakin aiki ya yi shi, yana kwafar ilimin da ba da harshensa aka rubuta ba don ya amfani mutanensa. Mu da muke karanta haruffan nan tun muna shekara biyar, me muka kwafa? Yaranmu a zango suna fita makarantar boko da sunan ba ma'ana, suna fita Islamiyya da Larabci ba tauraro, babu mai haɗa musu biyun. Ko na Hausa ma sun fara ɓace musu. Na tambayi yaran layinmu Kaza da 'Ya'yanta, babu wanda ya iya nunawa, balle ya san cewa Aldebaran, ad-Dabaran, "mai bin baya", ita yake bi.

Shawarata ga malaman Islamiyya ba ta buƙatar kuɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu Jauza tana sama tun bayan isha'i. A fitar da yara fili sau ɗaya, a nuna musu hannu da ƙafa, a sa su rubuta "yad" a allo, sannan a goge ɗigo ɗaya su karanta da kansu. 'Yata dai ta gwada a kan takarda da fitilar waya, kuma sai da ta ga "bad" ya fito sannan ta yarda da ni.