Kashin Dankali a Filin Wasa

A Amurka akwai wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake a hannu ake rungumar ƙwallon a ruga da ita. Jami'o'i na cikin manyan masu yinsa, ɗalibai ne ke buga shi, a filayen da wasunsu ke cin mutum sama da 100,000. Tun da yake 'yan'uwanmu ɗalibai ne ke shan gumin, muna ganin mujallar nan tana da bakin magana a kan yadda ake fitar da zakaransa.

Tun daga 2014 wani kwamiti na mutum 13 ne ke zama ya zaɓi jami'o'in da za su shiga zagayen ƙarshe. Da fari huɗu ake ɗauka, a 2024 aka mai da su 12. Cikin ma'aunan kwamitin har da ƙarfin abokan karawa, wato a duba su wa ka kayar kafin a yaba maka. A baki maganar tana da daɗin ji. To, amma wa ke rubuta jadawalin?

Kuɗi ke rubuta shi. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni, kowace tana buga yawancin wasanninta a cikin rukuninta, sauran kuma ta nemi abokan karawa da kanta, sau da yawa shekaru kafin ranar. Babbar jami'a takan biya ƙarama ta zo gidanta a lallasa ta gaban jama'a, ita kuwa ba ta mai da ziyara. Ƙaramar ta karɓa, domin da kuɗin take riƙe sauran wasanninta. Jifa-jifa cinikin yakan juye: a 2007 Appalachian State ta je har gida ta kayar da Michigan 34 da 32, a 2022 kuma ta karɓi dala miliyan 1.5 daga Texas A&M ta bar ta da kunya, 17 da 14. Irin wannan ke sa manya su yi taka-tsantsan da duk ƙaramar da ta fara ƙarfi. Su guje ta, sa'an nan kwamiti ya ce mata ba ta kara da kowa ba.

Haka ta faru da Central Florida a kakar 2017. Ba a ci ta ko sau ɗaya ba, aka ajiye ta ta 12. Da aka haɗa ta da Auburn ta kayar da ita, alhali Auburn ɗin ta riga ta kayar da Alabama da Georgia, waɗanda su ne suka buga wasan ƙarshe.

Abin bai tsaya kan ƙanana ba. A Disamba 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, ta ɗauki kambin rukuninta, aka tsallake ta aka ɗauki Alabama wadda aka ci sau ɗaya. Hujjar kwamiti ita ce jagoran harinta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. Masu kāre kwamitin sukan tuna mana cewa Georgia ta yi mata 63 da 3 bayan haka. Gaskiya ne, sai dai da yawa daga gwanayenta sun ƙi buga wannan wasa. Kuma in hasashen wanda zai yi nasara ne abin bi, don me aka wahalar da yara wata uku?

Ba mu ce an ci hanci ba, ba a ma bukatarsa. A 2024 aka ƙulla da gidan talabijin na ESPN a kan dala biliyan 7.8 na shekara shida, aka ware wa rukunan SEC da Big Ten kimanin kashi 29 cikin ɗari kowanne, ƙananan rukuna biyar kuwa su raba kashi 9. Shekara da shekaru 'yan wasan kansu kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sai a 2025 kotu ta amince jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekara. Mun yi murna da wannan, amma mai kashi 29 ne zai iya biya.

Ra'ayinmu shi ne a karɓe jadawalin wasannin wajen rukuni daga hannun jami'o'i, a ba wata hukuma da ba ta da rabo a kuɗin, ta yi ƙuri'a a bainar jama'a. Wadda aka je gidanta bana, baɗi ta ɗauki jakarta ta mai da ziyara, ko da kuwa Michigan ce.