Sharhi: Shekara Biyu Sun Isa, In An Nema da Wuri

Duk lokacin da aka sace mutum aka bugo waya neman kuɗin fansa, ko aka yi wa manomin Bacirawa ƙwacen waya a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Dawanau, akwai shaidar da ke ajiye a wajen kamfanin sadarwa. Sashe na 38 na dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo su adana bayanan mai layi da na zirga-zirgar kira har tsawon shekara 2. Wannan ya haɗa da lambar da ta kira, da wadda aka kira, da lokaci, da tsawon hirar, da yankin da kiran ya fito. Sauraren maganar kanta wani babi ne daban, wanda dokar ta ɗora a kan umarnin alƙali.

Wasu na ganin shekara 2 sun yi kaɗan, tunda shari'ar kisa ko ta garkuwa da mutane takan daɗe fiye da haka a kotu. Gaskiya ne shari'a na jan ƙafa. Amma wannan sashe ɗin dai ya ba jami'an tsaro damar neman kamfani ya killace bayanan wani layi. Mai binciken da ya rubuta takarda a makon farko ba ruwansa da ƙarewar wa'adi. Inda ake yin asara shi ne iyalin da suka biya fansa suka yi shiru don tsoro, da ƙarar da aka shigar a caji ofis ta kwana a cikin fayil ba wanda ya bi ta. Ko shekara 10 aka ce a ajiye, ba za ta amfani wanda bai nema ba.

Sannan ajiyar ba ta da daraja in sunan da ke jikin layin na bogi ne. Kan layukan da ba su da cikakkiyar rajista ne hukumar kula da sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar dala biliyan 5.2 a 2015, kafin a daidaita a kan naira biliyan 330, kuma tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Duk da haka, a ƙauyukanmu ba abin mamaki ba ne a ga layi biyar da sunan dattijo ɗaya, saboda ya yi wa 'ya'ya da maƙwabta rajista don zumunci. Ranar da aka aikata laifi da ɗayansu, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Masu cewa ajiyar keta sirri ce su ma suna da hujja, domin sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare hirar waya, kuma a 2014 kotun Tarayyar Turai ta soke irin wannan doka ta ajiyar bayanai. Shi ya sa ba na goyon bayan ƙara wa'adin. Abin da ya kamata NCC da hukumar kare bayanai, wadda dokar 2023 ta kafa, su yi shi ne su riƙa bayyana wa jama'a sau nawa jami'ai suka nemi bayanai a shekara, da kuma kwana nawa kamfani ke ɗauka kafin ya amsa.