FILIN TARBIYYA: In An Rufe Makaranta, Kada A Rufe Karatu

  

Abin da ya sa na ɗauko zancen wannan wata, wata baiwar Allah ce da ta same ni bayan an tashi Islamiyya. Su mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, rashin zaman lafiya ya taso su suka dawo nan Kaura Namoda suna zaune gidan dangi. 'Ya'yanta huɗu, ba wanda ke zuwa makaranta. Ta ce da ni, "Malama, ina kallonsu suna girma kamar ciyawa, ni kuwa iyakata Sabbi, bokon ko aji ɗaya ban yi ba. Me zan koya musu?" Na san akwai irinta da yawa a Kaura da Shinkafi da Zurmi, shi ya sa na ga ya dace amsar da na ba ta ta isa gare ki ke ma.

Mu a nan arewacin Zamfara, zaman yara a gida ba zaɓi ba ne, dole ce ta sha kawo shi. A watan Mayun 2019 'yan bindiga suka shiga sakandaren 'yan mata ta Moriki suka tafi da mutane. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu na tsawon watanni. Ba mu gama farfaɗowa ba, a ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan Jangebe, waɗanda aka sako su 279 bayan 'yan kwanaki, aka kuma rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sake ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya. A daidai lokacin aka tsayar da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. Duk wadda ta yi wannan zama ba za ta manta ba: ba makaranta, ba kasuwa, ba waya, sai ke da yara a tsakar gida daga safe har dare.

Bari in fara da kuskuren da na yi, don kada ki maimaita shi. A lokacin babbar ɗiyata tana da shekara bakwai, mai bi mata biyar, auta kuma yana goye. Da yake na yi karatun koyarwa a kwalejin mata ta Gusau, sai na ɗauka ai abin mai sauƙi ne. Na rubuta jadawali na manna a bango, na jingina allo a zaure, na ajiye 'yar tsumagiya. Daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu sai karatu. Kafin mako biyu gidan ya zama filin daga. Ina tsawa, suna kuka, tuwo yana ƙonewa. Ranar da na tsinci littafin mai bi wa babbar a bayan randa, ya ɓoye shi don kada a yi karatu, jikina ya yi sanyi.

Surukata ce ta farkar da ni, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Ta ce, "Ɗiyata, a makaranta ke malama ce, amma a nan uwa suka sani. In kika kore su daga jikinki, wurin wa za su?" Da yamma sai na ga ta zaunar da yaron tana tsintar wake, tana ce masa ya ware mata goma-goma. Yaron da ya ɓoye littafi ya ƙirga har hamsin yana dariya. Daga ranar na cire jadawalin.

Ga yadda muka koma yi. Na daina duba agogo, na bar lokutan salla su tsara mana yini. Bayan asuba, kafin hayaniya ta tashi, karatun Alƙur'ani: aya biyu ko uku ga ƙaramin, biyar ga babbar, sai an maimaita na jiya kafin a ƙara sabo. Da hantsi, bayan an karya an yi shara, sai boko. Bayan la'asar wasa, ba na taɓa musu wannan lokaci. Bayan isha'i kuma tatsuniya ko tarihin Annabawa. Kowane zama bai wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin ba, domin na lura ɗan shekara biyar in ya wuce haka jikinsa ne kawai a gabanki, hankalinsa yana waje. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako.

Kada kuma ki yi gaggawa. Dubi hikimar makarantar allo da muka gada: yaro zai fara da babbaƙu, ya san haruffa tsirara, sannan farfaru, ya san wasulla, sannan ya fara haɗa su. Ba a tsallake mataki. Haka bokon yake. Ki fara masa da Hausar da yake ji, ba, be, bi, bo, bu, har ya haɗa "baba" da "babu" da kansa. Ki nuna masa bambancin d da ɗ, da k da ƙ, da b da ɓ, don ya san "dawa" daban, "ɗaya" daban. Yaron da ya iya karanta harshensa, Turanci ba ya yi masa wuya kamar wanda aka fara da haddar abin da bai fahimta ba. In kin samu littafin Ka Koyi Karatu, ya isa farawa. In sun fara tashi, ki riƙa karanta musu Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ki tsaya a tsakiyar labari ki tambaye su me suke ganin zai faru.

Rashin kayan aiki bai zama hanzari ba. Gawayi da bayan faranti allo ne. Ƙasar tsakar gida in aka share ta littafi ce. 'Ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino sun isa tarawa da ɗebewa. In za ki auna gero, ba shi gwangwani ya ƙirga nawa ne ke cika tiya. In kin aike shi sayen gishiri, ya faɗa miki canjin da zai dawo da shi tun kafin ya fita. Rabon ƙosai tsakanin yara uku shi ne darasin rabawa na farko, kuma ba a taɓa samun wanda ya yarda aka cuce shi ba.

To, ke da kika ce ba ki yi karatu ba fa? Da farko, wadda ta kai Sabbi tana da abin koyarwa na shekara guda ko fiye ga ƙaramin yaro. Kin iya alwala, kin iya addu'ar barci da ta shiga bayi, kin san gaisuwa da ladabin cin abinci. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya shekara bakwai a matsayin lokacin da za a fara umurtar yaro da salla, kuma wannan aiki a ɗakinki zai fara. Na biyu, abin da ba ki iya ba, maƙwabciyarki ta iya. A unguwarmu mun haɗu mu huɗu: ɗaya ta ɗauki Alƙur'ani, ni na ɗauki karatu da rubutu, wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta ɗauki lissafi, ta huɗun kuma ta riƙe mana masu rarrafe. Inda akwai abokiyar zama, a haɗa yaran wuri ɗaya, kada a ce wannan ɗan ɗakin wance ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma ya soki malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Jajoji sukan jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su isar wa matan aure a cikin gidajensu. Ita ma a zamanin yaƙi da hijira ta tashi, bai hana ta ba.

Akwai abu guda da ba na so ki yi wa riƙon sakainar kashi, wato tsoron da ke cikin zukatan yaran nan. Wata rana na leƙa na ga nawa da na maƙwabta sun ɗaure fuska da ɗankwali, sun riƙe karan dawa, suna wasan "ɓarayin daji". Har na ɗaga hannu, sai na fasa. Na zauna na tambaye su, ashe duk hirar da muke yi mu manya ta wanda aka ɗauke da kuɗin fansa tana kunnensu. 'Yar uwa, mu rage irin wannan hira a gabansu, mu daina ba su waya suna kallon hotunan gawarwaki. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko yake firgita cikin barci bayan an ji harbi, ba duka yake buƙata ba. Ki jawo shi jikinki, ki yi masa addu'a, ki saurare shi. In abin ya daɗe, a kai shi asibiti. Zuciyar da ke cike da tsoro ba ta ɗaukar karatu.

Maigida ma yana da nasa kaso. Ko minti biyar ne bayan magariba, ya ce a biya masa karatun yau. Yabon uba sau ɗaya yana yi wa yaro mako guda yana ƙoƙari.

Sai dai ina so mu fahimci juna. Karatun gida gada ce, ba masauki ba. Uwa ba ta ba da takardar shaidar gama firamare, kuma ba a tsakar gida ake zama nas ko ungozomar asibiti ba, alhali mu ne ke kukan rashin mata a asibitocinmu. Duk lokacin da hanya ta samu, ko da a garin da kuka yi gudun hijira ne, ki je makarantar da ke kusa ki nemi a sanya su. Na ga 'yan mata da dama da aka ce su zauna "kafin a ga yadda hali zai yi", zaman ya zarce, aka ɗora musu farantin talla, allon ma aka jingine. Nawa da suka koma aji, malamarsu ta ce ba su yi baya ba, kuma ba wata dabara ba ce illa wannan ɗan kaɗan na kullum.

Baiwar Allahn nan ta Zurmi ta dawo wurina makon jiya. Ta ce babban ɗanta ya rubuta sunansa da gawayi a jikin bango, mai gidan da suke zaune ya yi faɗa, ita kuwa ta rasa ko ta ba da haƙuri ko ta yi guɗa. Yanzu ita ma ta shiga ajin matan aure.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda za ki koya wa ɗan shekara bakwai salla ba tare da tsawa ba.

Wassalamu alaikum. Taku a kullum, malamarku daga Kaura Namoda.