Ra'ayi: Kafin a sake rabon dashe a Kankiya da Kusada, a fara ceto itatuwan da ke gona

A Ƙaramar Hukumar Kankiya akwai garin da ake kira Rimaye, akwai kuma Tafashiya. Na farko jam'in rimi ne, na biyu kuwa sunan itaciyar da iyayenmu ke jiƙa saiwarta don ciwon ciki. Irin waɗannan sunaye shaida ce ta yadda ƙasar take a lokacin da aka sari garuruwan. Abin tambaya a yau shi ne: idan aka zaga gonakin Kankiya da Kusada, rimi nawa za a ƙirga? Gawo da ɗorawa da ƙirya nawa suka rage a gonar da kakanninmu suka bari cike da su?

Duk damina sai an yi bikin dashen itatuwa. Manya su zo, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Ba yau aka fara ba. Tun 1987 aka soma shirin dashen itatuwa na Katsina da tallafin ƙasashen Turai. Jihar tana cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall, ga kuma ACReSAL na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2021. Ba na raina wannan ƙoƙari. Amma dashe jariri ne: yana son ban ruwa duk rani, yana son shinge saboda awaki. In babu mai shi, kafin watan Maris ya bushe. Alhali a gonar da ke maƙwabtaka da wurin bikin, ana kayar da gawon da ya shekara arba'in a yini guda.

A ganina mun juya lissafin. Kare abin da ke tsaye da wanda ke tohowa da kansa ya kamata ya zo farko, dashe ya biyo baya.

Mu ɗauki gawo. Shi kaɗai ne a itatuwan gonakinmu ke kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Da rani dabbobi su fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona kyau. A lokacin da buhun takin zamani ya gagari talaka, sayar da gawo ga mai gawayi kamar sayar da saniyar tatsa ne don kuɗin cefanen mako guda.

Haka ɗorawa da ke ba mu kalwar daddawa, da kuka mai miya, da tsamiya mai kunu. Kuɗin waɗannan galibi hannun mata yake shiga. In itacen ya faɗi, namiji ya karɓi kuɗi sau ɗaya, matar gida ta rasa na kowace shekara.

Tsuntsaye ma da itatuwan suka dogara. Shamuwa, wadda zuwanta ke gaya wa manomi ya gyara iri, daga gabashi da kudancin Afirka take dawowa, kuma a kan manyan itatuwa na cikin gari take sheƙa. Fara da kwari take ci. Ba mu da fadama irin ta Baturiya a Jigawa ko Dagona a Yobe, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Mafakar tsuntsayenmu ita ce kukar bakin kasuwa da tsamiyar ƙofar gari. In suka tafi, shamuwa za ta nemi wani garin.

A da, tsoro ne ya tsare irin waɗannan itatuwa. Ana cewa kuka da tsamiya gidan iskoki ne, ba mai kai musu gatari. Wannan camfi ya ja baya, kuma ba ina kiran a dawo da shi ba. Matsalar ita ce mun cire tsohon shinge ba mu sa sabo ba, ga injin yankan katako ya iso ƙauye. Alhali addini ya ba mu abin da ya fi camfi ƙarfi: hadisi ingantacce ya nuna duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Sau nawa muka ji wannan a huɗubar Juma'a gab da sharar gona?

Maganin kuma ba daga nesa yake ba. A Maraɗi, 'yan uwanmu Hausawa sun ga abin da ya fi namu muni bayan farin shekarun 1970 da 1980. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tohon da manoma ke sarewa duk shekara daga kututturan itatuwa masu rai suke fitowa, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai aka fara abin da suke kira sassabin zamani: lokacin shara, manomi ya zaɓi toho masu ƙarfi kaɗan a kowane kututture, ya datse sauran, ya bar su su girma. Babu sayen iri, babu ban ruwa, tunda saiwar ta riga ta yi nisa. An kiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai sassabe reshe ba tare da fargabar malamin daji ba. Wanda ke tsoron tara, tun toho na ƙarami yake kashe shi.

Na san za a ce: da me za a yi girki? Gaskiya ne, tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa sun koma itace da gawayi. Amma wannan hujja ce ta rainon itace. Wanda ke da itatuwa ashirin a gona yana samun makamashi daga rassa duk shekara. Wanda ya kayar da guda ɗayan da yake da shi, baɗi sai ya saya. Wasu kuma za su ce itatuwa maɓoyar 'yan bindiga ce. Itatuwan da ke warwatse a gona ba dajin Rugu ba ne. Ana hango mutum daga nesa a tsakaninsu.

Ga abin da ƙananan hukumomin biyu za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Hakimai da magaddai da masu unguwanni su sa a ƙirga manyan itatuwan kowane gari, a rubuta su, kada a kayar da ko ɗaya sai da izini da dalili. Sashen gona ya kai sarakunan noma da shugabannin ƙungiyoyin mata Maraɗi su ga sassabin zamani da idonsu, tafiyar da ba ta kai yini ba. A zauna da makiyaya a yi yarjejeniya kan sassabe ganye, a daina yi wa gawo aski har ya mutu. A bayyana wa manomi a fili cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne. Sannan duk shirin da ya zo da dashe, a tambaye shi nawa suka rayu bayan shekara biyu, ba nawa aka raba ba.

Kai kuma mai gona, bana in ka zo shara ka tarar da tohon gawo ko kanya ko aduwa, ɗaga gatarinka. Ɗaura masa tsumma don 'yan ƙwadago su gane, ka bar shi. Ba ka kashe ko kwabo ba, kuma nan da 'yan shekaru awakinka za su ci, geronka zai ci, 'ya'yanka su gaji gonar da ta fi wadda ka karɓa.